Abin da Rasit Ɗina Ya Jawo wa Garba

Assalamu alaikum, Saratu ɗiyata.

Ina gaishe ki gaisuwar uba, ina roƙon Allah ya tsare ki a tafiyar da ke gabanki, ya tsare ki a inda za ki sauka, ya haɗa ki da mutanen kirki. Na san za ki yi dariya. Gida ɗaya muke kwana, bango ne kawai tsakanin ɗakina da naki, amma ga Baba ya zauna yana rubuta wasiƙa kamar wanda ke Makka. To, yi dariyarki. Kin san bakina. In na buɗe shi don nasiha faɗa ke fitowa, in na buɗe don godiya sai in ji kaina ina tambayar wa ya bar fitila a kunne. Innarki, Allah ya jiƙanta, ita ce take fassara ni gare ku. Tunda ba ta nan, biro zai yi aikinta.

A shago nake rubutun nan. An sauko daga la'asar, kasuwa ta fara watsewa, masu albasa suna ta ɗaure buhunansu. Kwamfutar da kika haɗa min tana gefena tana ƙugi. Kin samu aikin lissafi a babban kantin nan na Sabuwar Bussa, za ki zauna wurin gwaggonki, alhamdu lillahi. Yayyenki suna Kaduna, ke ce auta, ke kika rage min. Ba zan yi miki ƙarya ba, tun da takardar aikin ta zo ban ci tuwo da daɗi ba. Amma ba don in hana ki tafiya na ɗauki biro ba. Aikin da za ki je yi, aikin rubuta wa mutane rasit, a cikinsa na yi ɓarnar da ta fi kowace ciwo a rayuwata. Kina makaranta a Birnin Kebbi lokacin, gutsure kawai kika ji. Yau ina so ki ji duka, don akwai abin da zan roƙe ki a ƙarshe.

Kin tuna Baba Garba mai jirgi, taubashina, ɗan ƙanwar mahaifina. Shi ne mai ɗora ki a wuya ya shiga da ke ruwa, Innarki tana salati a bakin gaɓa. Tun muna yara ba mu taɓa gaisawa kamar mutanen arziki ba. Daga nesa zai ɗaga murya: "Ina bawan nan nawa? Ya ci kuɗin wa yau?" Ni kuma in ce, "Ku kauce, kwaɗo ya fito tudu." Kowace ranar kasuwa a benci ɗin ƙofar shagon nan yake cin abincinsa, ya cinye nawa, sannan ya ce miyar ba gishiri.

Sana'arsa ba ɗaukar fasinja kaɗai ba ce. Sautu yake kai wa mutanen gungu, waɗanda ruwa ya kewaye tungarsu. Wanda ba zai iya barin komar kamun kifinsa ya zo Yelwa ba, da tsohuwar da ƙafa ta hana, da matan gida, kowa sai ya damƙa wa Garba kuɗinsa ya faɗa masa abin da yake so. Ba a rubutawa. A ka yake riƙewa, gida-gida. Ya zo ya saya, ya koma ya raba, har canjin mutum yakan ƙulle masa dabam a leda. A wannan aikin ba jirgi ne jari ba, suna ne. Ranar da aka ce ɗan sautu yana taɓa kuɗin mutane, ya gama.

Da shagonmu ya girma muka yi rajista, ya zama dole in riƙa karɓar wa gwamnati harajin kaya. Ke kika zo hutu kika sa mana manhajar nan, kika zauna kina shigar da kayan shago ɗaya bayan ɗaya. Kika bayyana min cewa ba kowane kaya ke ɗaukar haraji ba: shinkafa da gero da gishiri da irinsu babu, amma batir da man inji da kwanon rufi da bokiti akwai. Sannan kika nuna min wani ɗan gurbi kika ce, "Baba, in muka danna nan, kowane kaya zai fito da harajinsa a gefensa. Wanda babu, a ga babu." Kika buga gwaji. Na ga takarda ta yi tsawo, kalmar haraji tana ta maimaita kanta daga sama har ƙasa. Na ce, "Kai! Wannan ai korar masu saye ne. Kuma wa zai riƙa sayen takardar? Kashe shi. A tara shi wuri ɗaya a ƙasa, wanda ya gani ya gani." Kika ce za a samu matsala in mutum ya haɗa kaya iri-iri. Na ce miki ina ciniki a kasuwar nan tun ba a haifi wanda ya ƙera kwamfutar ba. Kika yi shiru, kika kashe.

Don haka ki ji, Saratu. Inda za ki je za ki tarar da mai kanti irina, mai furfura da taurin kai, wanda ke ganin tsawon takarda kafin ya ga abin da ke cikinta. Kada ki yi masa shirun da kika yi min. Ni ubanki ne, kunya ta hana ki, na gane. Shi ba ubanki ba ne. Ki faɗa masa da ladabi, in ya ƙi ki sake faɗa gobe, in ya kuma ƙi ki kawo masa misali da kayan kantinsa. Kuma tun ranar da sabon kaya ya shigo ki duba ko yana ɗaukar haraji ko ba ya ɗauka, ki saita shi daidai a manhaja. Kada ki ce sai an samu sarari. Na'ura ba ta da kunya, abin da kika koya mata ranar farko shi za ta yi ta maimaitawa.

To, ga yadda abin ya faru. Wata ranar kasuwa Garba ya zo da sautu mai yawa. Akwai wani babban masunci da ya aiko a saya masa batir na sola da jarkar man inji. Akwai masu sabulu, masu ƙusa, masu takalmin roba. Akwai kuma wata tsohuwa, Iya Tani, wadda mijinta ya rasu, ita shinkafa da gishiri kawai ta aiko a saya mata. Na haɗa duka a rasit ɗaya, haraji ya fito dunƙule a ƙasa. Garba bai yi boko ba, amma lambobi ba sa ɓace masa. Ya ɗora yatsa a kan layin ƙarshe ya ce, "Kai bawa, wannan na ƙasa na wane ne? Wa zan ce ya biya?" Shago a cike, wani na jiran canji, wani na tayin kwano. Ko ɗaga kai ban yi ba. Na ce, "Na gwamnati ne. Raba musu kawai."

Ya raba musu, gwargwadon kuɗin kayan kowa. A ganinsa adalci ke nan, ni ma da an tambaye ni haka zan ce. Kasuwa bayan kasuwa haka muka riƙa yi. Ashe duk wannan lokacin Iya Tani da ire-irenta, masu sayen abinci kawai, su ke biya wa mai batir wani ɓangare na harajinsa.

Kada ki taɓa amsa tambaya kanki a sunkuye. In mutum ya ɗora yatsa a kan takardarki ya ce "wannan fa?", ki ajiye abin da ke hannunki. Wanda ke tsaye gabanki sau da yawa ba don kansa ya zo ba. Akwai mutane a bayansa da ba ki gani, kuma shi zai je ya tsaya gabansu da takardarki, ba ke ba. A wajenmu nan rabin masu sayayya 'yan aike ne: direba, ɗan acaba, yaron gida, mai jirgi. Rasit ɗin da ya nuna wa kowane kaya harajinsa shi ne shaidar ɗan aike in ya koma gida. In kin ga sautu ne, ki tambayi sunayen masu kaya ki rubuta a gefen kowane layi, ko ki raba musu rasit, kowa da nasa. Takarda ba ta kai mutuncin mutum tsada ba, ni da na yi rowarta na sani.

Ana nan sai ɗan Iya Tani ya dawo daga ci-rani. Ya zo Yelwa da kansa, ya shigo shagona, ya sayi shinkafa irin wadda ake kai wa uwarsa. Babu ko kwabon haraji a takardarsa. Ya koma tunga ya tambayi uwar nawa take biya, ta faɗa masa. Kafin rana ta faɗi magana ta zaga gungun: Garba yana ɗora wa marayu da zawarawa kuɗi. Ya yi rantsuwa, ya nuna rasit. Suka ce rasit bai ce shinkafa tana da haraji ba. Ya ce a zo a tambayi mai shago.

Suka zo ranar kasuwa, shi da ɗan tsohuwar da wani dattijo da mai gari ya haɗo su da shi. Garba ya shigo yana murmushi, Saratu. Wannan murmushin ne yake hana ni sukuni har yau. Shi a ransa ya kawo su wurin ɗan'uwansa, magana ta ƙare. Dattijon ya yi sallama ya ce, "Alhaji, tambaya ɗaya muka zo da ita. Shinkafa tana da haraji a shagonka?"

Na dubi shago. Akwai manyan masu saye a ciki, har da wani ɗan kwangila da nake ta lallaɓa. Na ga in na buɗe baki na ce takardata ce ba ta fayyace ba, ni na ce ya raba musu, gobe duk kasuwa za a ce shagon Alhaji ana cusa wa mutane haraji a kan abinci. Sai na ce, "A'a. Shinkafa ba ta da haraji."

Na tsaya a nan. Dattijon ya jira. Garba ya jira. Na juya na ce wa yaron shago ya auna wa wani ƙusa.

Wallahi ban yi ƙarya ba, kuma shekaru na yi ina fakewa a bayan wannan. Shinkafa ba ta da haraji, gaskiya ne. Amma rabin gaskiyar da na faɗa ya yi wa Garba abin da ƙarya ba za ta iya ba, don ƙarya ana iya kama ta. Bai zage ni ba. Da ma ya zage ni. Ya naɗe rasit ɗin ya sa a aljihu, ya ce, "To, Alhaji, mun gode." Tun da uwata ta haife ni bai taɓa ce min Alhaji ba sai ranar.

Wata rana za a zo teburinki da takardar da kika buga, an samu kuskure, kuma akwai wani ƙarami da laifin zai iya faɗawa kansa in kin yi shiru: mai lodi, ko direba, ko yarinyar da ke teburin sayar da kaya. Zuciyarki za ta ce miki ai ba a tambaye ki wannan ba. Ki faɗi abin da ba a tambaye ki ba. Ki faɗe shi a nan take, a gaban mutanen da aka yi tambayar a gabansu. Kunyar za ta yi miki zafi har yamma, na yarda. Tawa ta ƙi ƙarewa.

Mutanen gungu suka janye sautunsu suka ba wani. Garba ya daina zuwa Yelwa. Ya mai da jirginsa Wara, yana ƙetarar da fasinja zuwa gaɓar Borgu, yana karɓar kuɗin kujera kamar kowane baƙo. Ni kuwa me na yi? Maimakon in wanke ƙafa in je, sai na aika masa da shadda da turmin atamfa na matarsa a ƙaramar salla. Ya mayar min da su a ƙullinsu. Na yi fushi, ki ji fa, ni ne ma na yi fushi! Na ce wa Innarki mutumin nan girman kai gare shi. Ta dube ni ta ce, "Malam, sunansa ka ɗauka, ka aika masa da yadi." Ban yi mata magana ba har washegari. Da ta rasu Garba ya zo jana'iza, ya tsaya a sahun baya, ya yi addu'a, ya tafi bai zauna a tabarmar gaisuwa ba.

In kin ɓata wa mutum, kada ki aika. Ki je da ƙafarki, ki kira laifin da sunansa, kuma ki yi da wuri. Kyauta ba ban haƙuri ba ce.

Da kika gama makaranta kika dawo, na ga kin danna gurbin nan ba ki tambaye ni ba. Rasit ya fara fitowa da tsawonsa, kowane kaya da harajinsa, shinkafa da sifili a gefenta. Na yi kamar ban gani ba. Na gani, Saratu. Babu mai sayen da ya gudu. Masu sautu ma ƙaruwa suka yi, suna cewa takardar shagon Alhaji ba ta haɗa mutum faɗa da gida. Duk wanda ya faɗi haka sai in ji kamar ya mare ni. Ban taɓa ce miki kin yi daidai ba. Kin yi daidai, tun ranar farko.

Abin da ba ki sani ba shi ne, a watan jiya, ranar da na ce miki zan je Ngaski duba gero, ba Ngaski na je ba. Jirgi na shiga na je gungun. Na sa mai gari ya tara dattawa, na tsaya a gabansu na faɗi duka: takardata ce, bakina ne ya ce a raba, kuma ni ne na yi shiru. Na mayar wa kowane gida abin da aka karɓa ba daidai ba. Suka yi ta "Allah Sarki, Allah Sarki". Amma na ga maganar ta zo a makare. Yara sun girma da sanin cewa Garba ya taɓa cin sautu, sabon mai jirgi ya zama nasu. Iya Tani tana nan da rai, idonta ya yi rauni. Ta sa aka kawo ta kusa da ni ta ce, "Alhaji, mun ji magana. To kai, tun daga wancan lokacin, mi ka taɓa ba Garba ya kai maka? Ko allura?"

Daga can na biya Wara. Na samu Garba a bakin ruwa yana kwalfe ruwa daga jirgi. Ya tsufa, ɗiyata, gemun duk ya yi fari, kafaɗun nan da kike hawa sun zube. Ya riga ya ji abin da na yi a gungu. Ya shimfiɗa min buhu, ya sa aka kawo min ruwa, ya tambayi iyali, ya tambayi kasuwa. Na ce, "Garba, ka yafe min." Ya ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya, Alhaji," ya koma kwalfarsa. Na dawo gida na tarar kin dafa shinkafa da wake, na ce miki cikina ne ke ciwo.

Ba na son ki tsufa kamar yadda na tsufa. Ina da shago cike da kaya, ana gaishe ni har ƙasa a kasuwa, amma babu mutum ɗaya a garin nan da ya isa ya zage ni in yi dariya. In an tashi kasuwa in rufe, in je masallaci, in dawo in kunna rediyo don dai in ji murya a gidan. Yanzu ke ma za ki tafi. A Bussa ki yi ƙawaye, ki ci abinci da mutane, kada ki ƙule a ɗaki da waya. Ki kula da gwaggonki ko da surutunta ya ishe ki, jininmu ne, haƙuri za ki yi. Ki riƙe sallarki. In kin samu wanda ke faɗa miki gaskiya yana tsokanarki, ki riƙe shi da hannu biyu.

Yanzu ga roƙona. Na san kin shirya bin mota ta zagaye har Bussa. Ina so ki sauka a Wara, ki shiga jirgin Baba Garba ya ƙetarar da ke, daga can ki hau mota. Ranar tafiyarki ranar kasuwar Wara ce, mutanen gungu za su cika bakin ruwa. Ina so su gani da idonsu cewa abin da ya fi komai daraja a gidana na damƙa shi a hannun Garba. Ba ni da wata amsar da zan ba tsohuwar nan sai wannan. Ba dole nake miki ba. Ruwa ruwa ne, in zuciyarki ba ta kwanta ba ki faɗa min, ba zan riƙe ki da komai ba. In kin yarda, na saya miki rigar kariya sabuwa mai hana nutsewa, ki sa ta tun daga tudu, kada ki ji kunyar kowa. Garba bai taɓa yin lodin da ya wuce kima ba, kuma in ya ga hadari ba ya tashi ko gwamna ne a ciki. Ki gaishe shi har ƙasa. Kada ki ba shi haƙuri a madadina, wannan ba kayanki ba ne.

Ba ya ɗaukar wayata, don haka na aika wani mai albasa ya tambaye shi ko zai ɗauke ki. Ɗazu mutumin ya dawo, ya tsaya a ƙofar shago yana ta murza hula. Na ce ya faɗa min yadda aka faɗa masa, kada ya gyara. Ya ce ga abin da Garba ya ce: "Ɗiyata ce. Ta zo da wuri, zan aje mata wuri kusa da ni. Amma shi kada ya rako ta."

To, kin ji. Na so in tsaya a bakin ruwa in ga tashinki har jirgi ya ɓace min. Ba zan samu ba, kuma ban ce ya zalunce ni ba. A tashar Yelwa zan tsaya, in sa miki kaya a mota, in dawo in buɗe shago.

Allah ya tsare min ke a tudu da ruwa. Allah ya sa albarka a hannunki da abin da zai rubuta, ya raba ki da cin haƙƙin wanda kika gani da wanda ba ki gani ba. Allah ya jiƙan Innarki, ya kai haske kabarinta. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe min. Allah ya kai ki lafiya, ya mai da Baba Garba gida lafiya.

Ni ne mahaifinki.